Darasi: Yadda Ake Sabar wa Ma'aikata Aiki da Alƙaluma

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta shawarar da aka yanke bisa alƙaluma da wadda aka yanke bisa zato;
2. zaɓen ma'aunai 'yan kaɗan da suka dace da sana'arsa;
3. tsara zaman bita na mako-mako tare da abokan aikinsa;
4. bayyana dalilin da ke sa ma'aikata ɓoye mummunan labari, da yadda ake magance hakan;
5. gane illar amfani da alƙaluma wajen tsorata ma'aikata.

1. Safiyar Alhamis a kamfanin Ford

A watan Satumba na 2006, kamfanin ƙera motoci na Ford, mai hedkwata a Dearborn cikin jihar Michigan ta Amurka, ya ɗauko sabon shugaba mai suna Alan Mulally daga kamfanin jiragen sama na Boeing. Ya iske gidan ya kusa rushewa. A wannan shekarar kaɗai asarar Ford ta haura dala biliyan 12, har ta kai kamfanin ya jinginar da kusan duk kadarorinsa, da tambarinsa ma, ya ciyo bashin sama da dala biliyan 23.

Cikin abubuwan da Mulally ya fara kawowa akwai wani zama da ake yi kowace safiyar Alhamis. Duk shugabannin sassa suna hallara, kowa ya nuna alƙaluman sashensa, kuma kowane aiki a shafa masa launi. Kore na nufin komai na tafiya daidai, ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala amma an san maganinta, ja kuwa na nufin akwai matsala kuma ba a gano mafita ba tukuna.

Makonnin farko, duk takardun da aka nuna kore ne shar. Mulally ya tambaye su yadda za a yi kamfanin da ke asarar biliyoyin daloli a ce babu abin da ya lalace a cikinsa. Kowa ya yi gum. Manajojin sun daɗe a gidan, sun kuma saba da cewa wanda ya kawo mummunan labari shi ke kwana a ciki.

Ana nan sai Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya samu labarin an gano matsala a ƙofar baya ta sabuwar motar Edge da ake haɗawa a Oakville ta ƙasar Kanada. Ya dakatar da fitar da motar, ya zo zaman Alhamis da jan launi a takardarsa. Ɗakin ya yi tsit, wasu na jiran su ga an kore shi. Mulally kuwa sai ya tafa masa, ya juya ya tambayi sauran ko wa zai iya taimakawa. Nan take wasu suka ce za su tura injiniyoyinsu. Cikin 'yan makonni takardun sauran manajoji suka cika da ja da ruwan ɗorawa, a karon farko shugabannin suka ga ainihin halin da kamfaninsu yake ciki.

A 2009, shekarar da General Motors da Chrysler suka durƙushe har suka nemi kariyar kotu, Ford ya ci ribar dala biliyan 2.7. Dalilan sun fi ɗaya: akwai bashin da aka ciyo a kan lokaci, akwai rage yawan samfurorin motoci, akwai rufe wasu masana'antu. Amma alƙaluman gaskiya da aka fara kawowa teburin Alhamis su ma sun taka rawa. Fields ɗin da ya fara nuna ja shi ya gaji Mulally a 2014.

Ford yana da akawu da kwamfutoci da rahotanni tun kafin zuwan Mulally. Abin da ya ƙaru shi ne ɗabi'a: kowa ya kalli alƙaluma iri ɗaya, a lokaci ɗaya, ba tare da fargaba ba. Wannan ɗabi'a ita ce maudu'in darasin, kuma ana iya gina ta a shago mai yara uku kamar yadda aka gina ta a kamfani mai dubban ma'aikata.

> Akwatin ma'ana
> Bayanai: duk abin da aka gani, aka ƙirga ko aka rubuta game da aiki, kamar ciniki, bashi, kayan da suka lalace da koke-koken masu saye.
> Alƙaluma: bayanan da aka mayar lambobi domin a iya kwatanta su.
> Ɗabi'ar aiki da alƙaluma: sabon da ma'aikata suka yi na duba abin da aka rubuta kafin yanke shawara, da kawo shi a fili ko da bai yi daɗi ba.

2. Zato da rubutu

Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin a Kantin Kwari ko Dawanau yana da ilimin da babu a littafi. Ya san lokacin da kaya ke tashi da lokacin da suke faɗuwa, ya san mai biyan bashi da mai taurin bashi. Wannan gogewa dukiya ce. Sai dai ƙwaƙwalwa tana da halinta: ta fi riƙe ranar da aka yi babban ciniki da ranar da aka yi babbar asara, ta bar ranakun da ke tsakani, alhali su suka fi yawa. Ga kuma wani abu. Ilimin da ke kan maigida kaɗai, ran da ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya, tare suke tafiya.

Rubutu yana toshe waɗannan kafofi biyu. Yana tuna abin da aka manta, kuma kowa na iya buɗe shi. Idan gardama ta tashi tsakanin manaja da mai kula da sito kan wane kaya ne ya fi fita, sai a ɗauko littafi maimakon a ɗaga murya.

Fara wannan aiki ba ya buƙatar kwamfuta. Littafi mai layi da biro da allo a bango sun isa. Wanda ke da waya mai kyau na iya amfani da manhajar lissafi irin su Excel ko Google Sheets, amma sai an saba da rubutawa kullum kafin manhaja ta yi amfani.

3. Zaɓen ma'auni

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne son ƙirga komai. Mako biyu sai kowa ya gaji, littafin ya koma ƙarƙashin kanta. Ma'auni uku zuwa biyar sun wadatar da ƙaramar sana'a. Ma'auni mai kyau yana da alamu uku: ana iya ƙirga shi cikin sauƙi, ma'aikata na iya yin wani abu da zai canza shi, kuma yana da alaƙa da riba ko gamsuwar mai saye.

> Akwatin ma'ana
> Ma'auni: lamba guda da aka zaɓa don bin diddigin wani ɓangare na aiki.
> Kaso cikin ɗari: yawan abu idan an ɗauka jimillar ɗari ce. Ana raba ɓangare da jimilla, a ninka da 100.
> Matsakaici: jimilla idan an raba ta da yawan ranaku ko yawan abubuwan da aka ƙirga.

Misali na 1: gidan burodi. A ɗauka wata mai gidan burodi tana gasa guda 600 kowace rana. Ta daɗe tana jin cewa burodi na yin kwantai, amma ba ta san yawansa ba. Sai ta sa mai rabo ya riƙa rubuta wanda aka dawo da shi kowace yamma. Ga abin da mako guda ya nuna:

| Rana | An gasa | An dawo da |
|---|---|---|
| Litinin | 600 | 90 |
| Talata | 600 | 84 |
| Laraba | 600 | 78 |
| Alhamis | 600 | 36 |
| Juma'a | 600 | 12 |
| Asabar | 600 | 18 |
| Lahadi | 600 | 60 |

Jimillar abin da aka gasa 4,200 ne, wanda aka dawo da shi 378. Idan aka raba 378 da 4,200 aka ninka da 100, an samu kashi 9 cikin ɗari. Matsakaicin kwantai a rana shi ne 378 a raba da 7, wato 54. In kowane burodi yana cin naira 800 kafin ya fito daga tanda, kwantan mako ya lamushe naira 302,400.

Da matsakaicin kawai ta duba, da sai ta rage 54 a kowace rana, daga Alhamis zuwa Asabar burodi ya ƙare da wuri masu saye su koma wani gidan. Jadawalin ya nuna cewa ciwon yana tsakanin Litinin da Laraba: kashi 15 cikin ɗari ranar Litinin, kashi 2 kacal ranar Juma'a. Ta rage guda 70 a kowace daga ranakun nan uku, wato 210 a mako, ta tsira da naira 168,000.

Jadawalin ya nuna inda matsalar take. Dalilinta kuwa mai rabo ne ya sani: masu shayin da ke bakin tasha sun fi ɗauka daga Alhamis zuwa Asabar saboda matafiya. Ya daɗe da sanin haka, ba a taɓa tambayarsa ba ne.

4. Ma'ana guda ga kowa

Kafin a fara rubutu, wajibi ne a zauna a amince da abin da kowane ma'auni yake nufi. Ƙirga abu ɗaya ta hanyoyi biyu tamkar auna hatsi ne da mudu biyu masu bambancin girma: kowa ya auna da gaskiya, amma lissafi ba zai haɗu ba.

Misali na 2: shagon kayan masarufi. A ɗauka maigida na da yara biyu, na safe da na yamma. Wata rana na safe ya rubuta ciniki naira 85,000, na yamma ya rubuta 120,000. Maigida ya yaba wa na yamma, ya yi wa na safe faɗa. Da aka bincika, ashe na safe kuɗin da suka shigo hannu kawai yake rubutawa, na yamma kuwa yana haɗawa da kayan da aka ɗauka bashi, waɗanda a ranar suka kai naira 45,000. Kuɗin da na yamma ya karɓa a zahiri 75,000 ne, ƙasa da na abokinsa da naira 10,000.

Gyaran mai sauƙi ne. Aka ja layi uku a littafin: tsabar kuɗi, kuɗin da aka turo ta waya ko aka cire ta na'urar POS, da kuma bashi tare da sunan mai ɗauka. Aka kuma amince cewa ana rubuta ciniki a lokacin da aka yi shi, domin abin da aka bari sai dare rabinsa ƙiyasi ne.

5. Zaman bita

Alƙaluman da ba a zauna a kansu ba sun zama ado. Shi ya sa ake ware rana guda da lokaci guda a mako, ba a ɗagawa ko da maigida ba ya gari. Minti talatin sun isa ƙaramar sana'a. Ana iya bin wannan tsari:

- Kowane ma'auni yana da mai shi, mutum guda da zai karanto lambar makon ya kwatanta da ta makon jiya.
- Mai shi ne ke sa launi, kore ko ruwan ɗorawa ko ja, bisa iyakar da aka amince da ita tun farko. A gidan burodin can, ana iya cewa kwantai ƙasa da kashi 5 kore ne, daga 5 zuwa 10 ruwan ɗorawa, sama da 10 ja.
- Kore a wuce shi da sauri. Lokacin na ja ne.
- A kan kowane ja a fitar da mataki guda, da sunan wanda zai yi, da ranar da zai gama.
- Zaman gaba ya fara da duba matakan da aka ɗauka alkawari.

Abu mafi nauyi a zaman shi ne fuskar shugaba a lokacin da aka nuna ja na farko. Duk ma'aikata ita suke kallo. In ya ɗaure fuska ya fara neman mai laifi, mako mai zuwa komai zai koma kore, littafin kuma ya tashi daga aiki. A wuraren da yaro ke jin nauyin faɗa wa maigida abin da ba ya so ya ji, ya kamata maigidan ya fara nuna jan launi a ma'aunin da ke hannunsa shi kansa, misali jinkirin sayo kaya ko jinkirin biyan albashi.

Kamfanin Google ya binciki wannan batu. A 2012 ya fara wani nazari da ya kira Project Aristotle, ya duba rukunonin ma'aikatansa kimanin 180 don gano abin da ke sa wani rukuni ya fi wani. Abin da ya fito kan gaba shi ne ko 'yan rukunin suna jin za su iya yin tambaya, su kawo shawara, su faɗi kuskure ba tare da an muzanta su ba.

> Akwatin ma'ana
> Zaman bita: taron da ake yi a ƙayyadadden lokaci don duba ma'aunai da ɗaukar mataki.
> Aminci a wurin aiki: natsuwar da ma'aikaci yake da ita cewa faɗin gaskiya ba zai ja masa wulakanci ko kora ba.

6. Bin matsala har tushenta

A masana'antun Toyota na Japan an ba ma'aikaci ikon jan wata igiya da ke saman layin haɗa motoci da zarar ya ga abin da bai yi daidai ba. Fitila ta kama a allo, shugaban rukuni ya rugo, in ba a warware cikin ɗan lokaci ba layin ya tsaya. Injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya kuma koyar da wata dabara: idan matsala ta auku, a tambayi "me ya sa" har sau biyar, kowace amsa ta haifi tambaya ta gaba.

Misali na 3: kamfanin ruwan leda. A ɗauka allon mako ya nuna ja: sau uku ruwa ya isa wurin diloli a makare.

Me ya sa ya makara? Mota ba ta fita ba sai ƙarfe 11.
Me ya sa ba ta fita ba? Ba a gama ɗaure jakunkunan ba.
Me ya sa ba a gama ba? Injin ya tsaya awa biyu.
Me ya sa ya tsaya? An ɗauke wuta, janareta kuma ba mai.
Me ya sa ba mai? Babu wanda aka ɗora wa duba tankin da yamma.

Da an tsaya a tambayar farko, direba ne zai sha faɗa, jinkirin kuma ya ci gaba. Tambaya ta biyar ta kai ga abin da za a iya gyarawa a yini guda: a ba mutum ɗaya alhakin duba tanki kafin a tashi, ya rubuta yawan litocin a allo.

7. Idan aka mayar da lamba abin tsoratarwa

Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatan rassansa adadin sababbin asusu da katunan bashi da dole su buɗe, yana burin kowane gida ya riƙe hajojin bankin har takwas. Wanda ya gaza yana fuskantar matsin lamba da barazanar kora. Sai ma'aikata suka koma buɗe asusu da sunan mutane ba tare da saninsu ba. A watan Satumba na 2016 hukumomi suka ci tarar bankin dala miliyan 185, aka bayyana cewa an kori ma'aikata kimanin 5,300 kan lamarin, shugaban bankin John Stumpf kuma ya sauka a watan Oktoba. A 2017 bankin da kansa ya ce asusun da ake zargi sun kai miliyan 3.5.

Rahotannin rassa sun yi ta nuna ci gaba shekara da shekaru, alhali amanar masu ajiya ce ake cinyewa. Haka abin yake a ƙaramin shago. In aka ce ladan yaro ya dogara da yawan ciniki kaɗai, zai cika littafi da bashin da ba zai dawo ba. Kariyar ita ce a haɗa kowane ma'auni da wani da zai tsare shi: yawan ciniki tare da bashin da aka karɓo, saurin aiki tare da yawan kayan da aka dawo da su, yawan sababbin masu saye tare da yawan koke. Lokaci-lokaci kuma wani daban ya ƙirga kayan sito ya gwada da abin da littafi ya ce.

Bayanan masu saye, irin su sunaye da lambobin waya da bashin da ake binsu, amana ce. A Nijeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Allon da ke bango na jimilla ne kawai. Littafin bashi kuwa a ajiye shi inda sai wanda aikin ya shafa zai buɗe.

Tambayoyin bita

1. Me launuka uku na zaman Alhamis a Ford suke nufi? Me ya sa duk takardun suka fito kore a makonnin farko?
2. Me Alan Mulally ya yi da Mark Fields ya nuna jan launi, kuma wane tasiri hakan ya yi ga sauran manajoji?
3. Kawo alamu uku na ma'auni mai kyau.
4. Wata mai sayar da awara ta soya guda 400, 28 suka yi kwantai. Kashi nawa ne cikin ɗari?
5. Cinikin wani shago na kwana biyar shi ne naira 60,000, 72,000, 55,000, 90,000 da 83,000. Fitar da matsakaici. Wace rana ce ta fi nisa da shi?
6. A misali na 1, me ya sa rage burodi 54 a kowace rana ba zai yi daidai ba?
7. A misali na 2, mene ne ya sa maigida ya yi wa yaron safe faɗa ba bisa haƙƙi ba?
8. Bayyana yadda buƙatar cika adadi ta jefa bankin Wells Fargo cikin matsala. Wane ma'auni na biyu ne zai iya tona abin da wuri?

Aikin gida

Zaɓi sana'a guda da ka sani, taka ko ta wani na kusa. Fitar da ma'aunai uku, ka rubuta ma'anar kowanne a jimla ɗaya, ka sa iyakar kore da ruwan ɗorawa da ja. Ƙirga su na tsawon kwana bakwai, ka zo da jadawalin aji na gaba. Idan an samu ja, yi masa tambayoyin "me ya sa" guda biyar tare da wanda yake yin aikin da hannunsa, ka rubuta amsoshinsa.